Babi na Shida: Ƙofofin da Takardar Gyaran Fata Take Buɗewa

Duk wanda ya duba littattafan magabata na ilmin likitanci zai tarar ba su ɗauki gyaran fata abin wasa ba, domin Abul Ƙasim Azzaharawi, babban likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe maƙala ta goma sha tara daga cikin maƙaloli talatin na littafinsa Attasrif ga magungunan ado da ƙamshi, Ibn Sina kuma ya rufe juzu'i na huɗu na Alƙanun da bayani a kan gashi da launin fata da abin da ke ɓata su. Abin da zamaninmu ya zo da shi sabo shi ne hukuma ta shiga tsakanin hannun mai gyara da fuskar wadda ake gyarawa, ta ce ba za a taɓa ba sai da takarda. Ƙasashe sun sha bamban a kan wannan. Faransa ta wajabta shaidar ƙwarewa ga masu wannan aiki da dokar shekarar 1996, Ingila kuwa ta daɗe tana barin al'amarin a hannun makarantu da ƙananan hukumomi; amma inda tsarin lasisi ya fi kafuwa, har ya zama shi ne ƙashin bayan sana'ar baki ɗaya, ita ce Amurka, saboda haka a can za mu tsaya mu dubi abin da mai riƙe da takardar take iya yi da ita.

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta ba da wannan lasisi, kowace jiha ce take da hukumarta da sharuɗɗanta, kuma saɓanin da ke tsakaninsu yana da ban mamaki. Jihar Kalifoniya da ta Niyok suna neman ɗaliba ta cika awa 600 a makarantar da aka yarda da ita, Tekzas tana neman 750, Jojiya 1,000, alhali kuwa Fulorida ta wadatu da awa 220, kamar dai fatar mutanen can ba ta kai ta sauran daraja ba. Bayan karatu galibi akwai jarrabawa, bayan jarrabawa akwai kuɗin rajista, sa'an nan a miƙa wa yarinya takarda wadda za ta rataye a ɗakin aikinta inda kowa zai gani, ta kuma riƙa sabunta ta lokaci bayan lokaci muddin tana son ci gaba da aiki. Sana'ar kanta, a matsayinta na fanni mai zaman kansa wanda ya rabu da gyaran gashi, ba tsohuwa ba ce a can, tun da yake makarantar farko da aka buɗe dominta kaɗai ita ce ta Christine Valmy, wata baƙuwa daga Romaniya, a birnin Niyok cikin tsakiyar shekarun 1960, kuma jihar Kanetikat ba ta fara neman lasisi daga masu gyaran fata ba sai a 2020.

Kafin a yi maganar ƙofofi, wajibi ne a san haddin da takardar ta gindaya, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. An yardar wa mai gyaran fata ta yi aiki a kan ɓawon fata na sama, watau ta wanke, ta turara, ta goge matacciyar fata, ta matse toshewar ramukan fuska, ta cire gashi, ta gyara gira, ta yi kwalliya. Ba a yardar mata ta ce wa mutum ga sunan cutarka ba, ko ta rubuta magani, ko ta soka allura, ko ta yanke tsiro, ko da kuwa ta ga irinsa sau dubu ta tabbata ta san shi. Wadda ta tsallake wannan haddi, a idon shari'ar ƙasar ta yi aikin likita ba da izini ba, kuma abin da zai same ta ya wuce ƙwace takarda. Na ga masu koyo da yawa suna ɗaukar wannan iyaka tamkar wulakanci, alhali ita ce ta sa likita yake iya amincewa ya tura mata majinyacinsa, ita ce kuma ta sa kamfanin inshora yake yarda ya tsaya mata ranar da aka kai ta ƙara.

Ƙofar da mafi yawa suke fara shiga ita ce ta aiki a ƙarƙashin wani, a gidan gyaran jiki ko shagon kwalliya, kuma yana da kyau mai karatu ya ga yadda awa guda take wucewa a irin wannan ɗaki. Mace za ta shigo, a ba ta takarda ta cika, a tambaye ta magungunan da take sha da abin da take shafawa da abin da jikinta ba ya so. Wannan tambaya kuwa ba ta al'ada ba ce kawai, domin akwai wani maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi, isotretinoin, wanda idan mace tana shansa aka ɗora mata kakin cire gashi aka fizge, to, tare da fatar zai taso. Idan an gama sai ta kwanta, a naɗe mata gashi, a wanke fuska sau biyu, a rufe idanunta da auduga mai laima, a jawo fitila mai gilashin ƙara girma a duƙa a kan fuskar ana dubawa kusurwa kusurwa, gefen hanci da haɓa da goshi. Daga nan a sakar mata tururi har fata ta yi laushi, mai gyara ta sa safar hannu, ta naɗe yatsunta biyu da auduga, ta riƙa matsa ramukan da suka toshe a hankali, wanda ya ƙi fita bayan matsa biyu ko uku ta ƙyale shi, domin nacewa ce take barin tabo. Sai tausa, sai a shafa haɗin da ya dace a bar shi ya ɗan sha iska, a goge, a ƙare da man kariyar rana. Tana fita, akwai mintoci kaɗan na canza zanen gado da jefa kayan ƙarfe cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta kafin ta gaba ta ƙwanƙwasa.

Ladan wannan aiki ba shi da yawa a farko. Ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka a 'yan shekarun nan tana nuna matsakaicin abin da mai gyaran fata take samu yana wajen dala 20 a awa, wanda a tsadar rayuwar can abin rufin asiri ne kawai. Wasu gidajen suna biya da awa, wasu da kamasho a kan kowace fuska, a bisa wannan kuma akwai tukuicin da mai zuwa take bayarwa, da wani kaso daga kuɗin mayukan da aka sayar mata. A nan ne jarrabawar amana take, domin mai gida yakan ɗora wa ma'aikaciya adadin da za ta sayar a wata, ita kuwa ta sani sarai cewa matar da ke kwance gabanta, da fuska a buɗe ba kwalliya, tana cikin halin da za ta gaskata duk aibin da aka gaya mata. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, haka ne. Amma a ganina wadda ta saba tsoratar da mutane domin ta sayar da kwalba, cinikin wata guda ta ci, ta yi asarar abin da ya fi komai tsada a sana'ar, watau mutanen da za su riƙa dawowa wurinta shekara da shekaru suna kawo 'yan'uwansu.

Waɗannan masu dawowa su ne jarin da ake buɗe ƙofa ta biyu da shi. Idan mace ta tara su, sai ta kama hayar ɗaki guda a cikin wani babban gini da aka yanka ɗaki ɗaki domin masu irin wannan sana'a, ta biya haya mako mako, ta sa farashinta da kanta, ta zaɓi kayan da take so. Daga ranar kuwa haraji da inshora da sayen kaya da talla duk sun koma wuyanta, kuma ranar da ta kwanta ciwo ba mai biyanta, haya kuwa ba ta jira. Waɗanda suka fi cin nasara a nan galibi su ne waɗanda suka taƙaita kansu ga abu guda suka gwanance a kai, wata cire gashi kawai, wata ƙurajen samari da 'yammata, wata gashin ido. Anastasia Soare, wadda ita ma daga Romaniya ta zo ta kama aiki a wani shago a Kalifoniya, ta lura cewa ba wanda ya ɗauki gira da muhimmanci, ta mai da ita aikinta, ta buɗe nata wuri a Beverly Hills a 1997, kuma daga wannan ɗan siririn gashi da ke saman ido aka gina kamfanin da sunansa ya kai ko'ina a duniya.

Ƙofar da 'yammatan yanzu suka fi kwaɗayi, wadda kuma ta fi bukatar a yi mata dogon nazari, ita ce ta aiki tare da likita. Tun da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta halatta allurar Botox domin gusar da tamojin tsakanin gira a 2002, wuraren da suke rabi asibiti rabi gidan kwalliya suka yawaita ƙwarai, likitocin fata da na tiyatar gyaran jiki kuma suka ga fa'idar ajiye mai gyaran fata a kusa, ta shirya fatar majinyaci kafin aiki, ta lura da ita bayan aiki, ta koya masa yadda zai wanke da abin da zai guje wa, ta ɗauke wa likita ƙananan ayyukan da ba sa bukatar hannunsa. Albashi a nan ya fi tabbata, ilmin da ake samu ta wurin zama kusa da likita kuwa ba makarantar da take ba da irinsa. Sai dai mutane da yawa suna ruɗuwa, suna zaton shiga asibiti da sa farar riga yana faɗaɗa haddin takardarsu, alhali a mafi yawan jihohi takardar tana nan yadda take. A Kalifoniya, alal misali, na'urar leza ba ta halatta ga mai gyaran fata ba ko da likita yana tsaye a kanta. Aikin likita ne ko ma'aikaciyar jinya. Wasu jihohi kaɗan, kamar Yuta da Bajiniya da Washintan, sun kafa daraja ta biyu ta babbar mai gyaran fata, wadda a Yuta da Washintan ake kaiwa gare ta da awa 1,200, kuma tana buɗe wasu ayyukan da ta farko ba ta buɗe ba. Saboda haka wadda zuciyarta ta karkata ga allura da na'urori masu ƙarfi, gara tun da wuri ta san cewa hanyarta ta bi ta makarantar jinya, kada ta ɓata shekaru tana leƙen abin da takardarta ba za ta taɓa ba ta ba. Haɗarin da ya fi yawa a waɗannan wurare shi ne likitan da sunansa kawai yake jikin bango, shi kansa yana wani gari, a bar yarinya da na'ura a ce ta yi. Ranar da fuska ta ƙone, ita ce ta farko da za a tambaya da wane izini.

Akwai kuma manyan otal-otal da wuraren hutu da jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗanda suke ɗaukar matasa kwantiragin watanni, a ba su wurin kwana da abinci, su ga duniya, su kuma yi aiki tun safe har dare ana binsu da lissafin abin da suka sayar. Mai nufin wannan hanya ta sani lasisin jiha ba ya tsallake teku, kai, ko zuwa jihar maƙwabta ma sai an sake neman yarda. Abin da ake ganewa a ƙasashe da yawa shi ne shaidar ƙungiyar CIDESCO, wadda aka kafa a Burasal a 1946, hedkwatarta kuma take Zurik, ko ta ITEC da CIBTAC na Ingila. Aikin ƙuruciya ne, ba na mai iyali ba.

Wani abu da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne cewa jiki ne kayan aikin wannan sana'a, jiki kuwa yana gajiya. Wadda ta shekara ashirin tana duƙe a kan fuskokin mutane za ta ji shi a wuya da kafaɗa da wuyan hannu, kuma kuɗin da take samu ba zai taɓa wuce adadin awoyin da hannunta zai iya ba. Mai hangen nesa takan fara shirin ƙofar da ba ta dogara ga yatsu ba tun tana da ƙarfi. Wata ta nemi izinin koyarwa ta koma makaranta malama, wata ta zama wakiliyar kamfanin mayuka tana zagaya shaguna tana horar da ma'aikata, wata ta riƙe shugabancin gidan gyaran jiki, wata ta shiga cikin masu haɗa kaya tana gaya wa masana sinadari abin da fata take karɓa da abin da take ƙi. Jane Wurwand, wadda ta yi karatunta a Ingila, da ta isa Los Anjalas ta tarar masu lasisi suna fitowa daga makaranta da takarda amma da ƙarancin sani, sai ta buɗe ajin ƙarin ilmi dominsu a 1983, ɗalibanta kuma suka zama su ne kasuwar farko ta mayukan Dermalogica da ta fitar a 1986. Ta fara da koyarwa, ciniki ya biyo baya, kuma ina ganin wannan jeri shi ne daidai.

Ƙofar da ba ta da yawan kuɗi amma ta fi kusa da neman lada ita ce ta hidimar marasa lafiya. Mai shan maganin sankara fatarsa takan bushe ta yi gautsi, gira da gashin ido su zube, kuma abin da lafiyayye zai ji daɗinsa, kamar tururi mai zafi ko goga mai ƙarfi, shi yana iya cutar da shi. Saboda haka akwai horo na musamman ga masu son wannan aiki, akwai kuma shirin Look Good Feel Better da aka fara a Amurka a 1989, inda masu lasisi suke ba da lokacinsu kyauta suna koya wa mata majinyata yadda za su zana gira su ɗaura ɗankwali. Haka kuma akwai gwanayen rufe tabo, masu haɗa launi daidai da fatar wanda wuta ta ƙona ko wanda fatarsa take yin dabbare-dabbaren fari, su koya masa shafawa da kansa har ya iya shiga kasuwa ba a bi shi da kallo ba. Daga ƙarshe akwai masu barin ɗakin gyara su koma ma'aikatan hukumar da ta ba su takardar, suna shiga shaguna ba sanarwa, suna buɗe durowa, suna duba ko an tsabtace almakashi da hantsaki. Wannan aikin muhtasibi ne tsantsa, irin wanda Ibnul Ukhuwwa, malamin Masar da ya rasu a 1329, ya bayyana a littafinsa na hisba, inda ya keɓe babi ga masu gidajen wanka da wani ga masu yin ƙaho.

Mai karatu zai ce, to, mu ina ruwanmu da dokokin Tekzas? Ruwanmu kuwa yana nan ta fuska biyu. Ta farko, sana'ar tana hannunmu tun kafin a rubuta waɗancan dokoki. Halawar da mai gyaran jiki take dafawa da sukari da lemon tsami da ruwa, ta bar ta ta huce, ta ja ta a hannu har ta yi danƙo, ta manna a ƙafar amarya ta fizge, ita ce dai ake koyarwa yau a makarantun Amurka ana karɓar kuɗi mai yawa a kanta. Dilka da turaren tsuguno kuwa, waɗanda suka shigo mana ta hanyar Sudan da Barno, suna da ƙa'idodinsu da gwanayensu. Ijazar waɗannan mata ita ce shaidar mutane da sunan wadda ta koya musu, kuma ba ijaza ce ta banza ba. Abin da ta rasa shi ne haddi, watau wanda zai ce wa mai gyara nan aikinki ya ƙare, na likita ya fara.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Ma'aunin launin fata da ake koya wa kowace ɗaliba, wanda Thomas Fitzpatrick na jami'ar Habad ya tsara a 1975, an fara shi ne domin fararen fata, daga baya aka ƙara matakai na masu duhu har suka zama shida. Littattafan koyarwa kuma sun daɗe hotunansu na farar fata ne. Alhali baƙar fata tana da nata hali: ƙaramin rauni ko zafin na'ura ko haɗi mai ƙarfi yana bar mata baƙin tabo na watanni, wasu kuma tabonsu yana kumbura ya yi tudu. Wadda ta ƙware a kan wannan ta riƙe ilmin da ake nema a Atlanta da Landan da Dubai kamar yadda ake nemansa a Kano. A gida kuwa bukatar ta kai matsayin larura, domin wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da mayukan sauya launi, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Masu haɗin da ake sayarwa a robobi ba suna ba lamba sukan zuba hydroquinone fiye da kashi 2 cikin ɗari da doka ta yarda, su ƙara da mayukan sitiroyid irin su clobetasol waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta, wani lokaci har da zaiba mai lalata ƙoda. Sakamakon kowa yana ganinsa a gidan biki: gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin a hannu ja, kumatu sun ƙone sun yi shuɗi-shuɗi, jijiyoyi sun fito, nankarwa ta tsaga damtse, fata ta yi sirantar da idan an yi tiyata ɗinki ba ya kamawa da wuri.

Duk macen da ta kai wannan hali, kafin ta je wurin likita, wurin mai gyaran jiki take fara zuwa, tana cewa a ba ta abin da zai gyara. Idan mai gyaran ba ta da sani, wani haɗin za ta ƙara mata. Idan kuwa ta yi karatu, za ta gane alamar sitiroyid da ido, ta san cewa yanke shi dare ɗaya yana tayar da fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje, ta san wannan ba nata ba ne, ta rubuta wa matar sunan asibitin da ke da likitan fata, sa'an nan ta riƙe nata ɓangaren, watau wanki mai taushi da man kaɗanya da kariyar rana da haƙurin watanni. Likitocin fata a ƙasarmu kaɗan ne ƙwarai, mafi yawansu kuma suna asibitocin koyarwa na manyan birane, saboda haka idanun da suke fara ganin fatar jama'a na masu gyaran jiki ne, ko an so ko ba a so.

Ke da kike riƙe da wannan littafi kina shawarar shiga sana'ar, kafin ki biya kuɗin kowace makaranta, a gida ko a waje, ki tambayi mai ita abu uku: wace hukuma ce ta san da takardar da zai ba ki, awa nawa za ki yi hannunki a kan fatar mutum mai launi irin naki ƙarƙashin idon malama, kuma waɗanne ayyuka ne zai koya miki cewa ba naki ba ne. Idan ya yi miki alkawarin koya miki allura da haɗin man fari cikin mako biyu, ki ɗauki jakarki ki fita.